An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Yadda Muka Ƙare Da Wata Jita A Birnin Kebbi

Sana'ata gyaran amfilifaya da miksa da sifikokin biki ce a Birnin Kebbi. Jita ba ta cika shigowa shagona ba, sai dai in jak ɗinta ya saki ko bolum ya fara ƙarar yashi. Amma akwai wata guda da ta cinye mini kusan wata biyu, ta kuma haɗa mutum huɗu gardama har aka kusa ɓatawa. Na ga ya dace in rubuta yadda aka yi, domin tun daga lokacin matasa uku sun zo mini da irin tambayar, wato ko canza fikof na kamfani da mai tsada shi ne maganin jitar da sautinta ya lalace.

A watan Afrilu ne, zafi na kan ganiyarsa, wani matashi ɗan Zuru ya shigo da jita rataye a baya da ɗan kwali a hannu. Aikinsa shimfiɗa tayil. Ran Lahadi yana kaɗa jita a coci, Juma'a da Asabar kuma yana bin wata ƙungiyar makaɗa zuwa wuraren biki, wani lokaci har Jega da Argungu. Jitar ta hannu ce, kwaikwayon Les Paul, sananniyar jitar nan ta kamfanin Gibson, amma ƙirar Sin, wani ɗan uwansa ya sayo masa a kasuwar Alaba ta Legas aka sa a mota. Cikin kwalin kuwa sabon fikof ne dal, Seymour Duncan JB, wanda ya yi wata biyar yana tara kuɗinsa. Farashinsa a can waje a lokacin wajen dala ɗari ne, kafin ya iso hannunsa ya haura naira dubu ɗari nesa ba kusa ba, ya ma fi abin da aka biya aka sayi jitar.

Ya ce, "Oga, cire mini na bayan nan ka sa wannan. Na kamfanin ba shi da kyau."

Ga wanda bai sani ba, fikof ɗin jita ba a-kori-kura ba ne. Shi ne ɗan akwatin da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya. A cikinsa akwai maganaɗisu da siririyar wayar tagulla, kamar gashi, wadda aka naɗe sau dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai a samu 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, ita ce amfilifaya ke ƙarawa ƙarfi har ka ji sauti. Matsalar mai naɗi ɗaya ita ce ba ya tantancewa: yadda yake jin tsirkiya haka yake jin taransifoma da wayoyin wuta, sai ka ji wani ƙugi a sifika. A nan ƙugin yana bin bugun wutarmu, sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60. Wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, shi ya nemi rajistar maganin abin a 1955: naɗi biyu gefe da gefe, an juya ɗaya ta fuskar naɗi da ta maganaɗisu, sai ƙugin da ya shiga wannan ya kashe wanda ya shiga wancan, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya yi kauri. A 1957 aka fara sa shi a Les Paul. Shi ake kira hambaka, kuma irinsa biyu ne a jitar yaron, ɗaya kusa da wuya, ɗaya kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa, kamar dai jakin molo.

Na tambaye shi me na kamfanin ya yi masa. Ya lissafa uku. A wurin biki, in an tada janareta, jitar na ziza kamar gidan rina. In ya ƙara murya sai ta yi wata irin kuwwa mai huda kunne, har mata su toshe kunnuwa. Na uku, sautin ya dushe, kamar an lulluɓe sifika da bargo, in mai fiyano ya shigo da masu ganga ba a jin sa sam.

Na ce ya bar ta ta kwana. Bai so ba, don a ganinsa aikin minti talatin ne.

Abin da na fara yi shi ne jona ta a amfilifayar shago na saki hannu. Zizar na nan. Na taɓa tsirkiya, ba abin da ya canza. Na taɓa notin jak, sai tsit. Duk mai gyara ya san ma'anar wannan. Akwai wata 'yar waya da ke tasowa daga ƙarƙashin jaki ta shiga ramin bolum, ita ke haɗa tsirkiyoyi da at, wato layin da ke sauke ɓatacciyar wuta zuwa ƙasa, ta yadda in makaɗi ya ɗora hannu jikinsa zai daina zama eriya. Na buɗe murfin baya, ga ta nan tana lilo, dalmar ta saki tun ba yau ba. Ramin kuma katako ne tsirara, ba fentin kariya ba takardar ƙarfe. Hambaka yana kashe ƙugin da ke zuwa ta maganaɗisu ne, ba ya hana wayoyin da ke tsirara cikin rami kwasar hayaniya. Ko fikof na zinariya aka sa, wannan zizar ba inda za ta. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, kuma a wannan karon jakin na gaske ne.

Sai bolum. Na ɗora mita in auna turjiyarsa, wato yadda yake tare wuta, ta nuna 100k. Hambaka da 500k aka saba haɗa shi, mai naɗi ɗaya da 250k. Wani mai gyara a baya, da bolum ɗin asali ya mutu, ya ɗauko na rediyo ya liƙa. Ba na zaginsa, ni ma na yi irin wannan a farkon koyo, abin da ke cikin gwangwani shi kake sawa. Amma ƙaramin bolum irin wannan yana shanye saman sauti, ya bar maka ƙasa kawai. Ga bargon da yake magana. Na ƙara da cewa tsirkiyoyin sun yi wata takwas, gumi da ƙurar hunturu sun mai da su baƙaƙe, kebul ɗinsa kuma mita goma ne na araha, shi ma tsawonsa na rage kaifin sauti. Fikof ɗin wuya an ɗaga shi har yana neman taɓa tsirkiya.

Kuwwar ce kaɗai ta tabbata laifin fikof. Na ƙwanƙwasa murfinsa da biro, na ji ƙwas ƙwas a sifika kamar na bugi makirfo. Na kai bakina na ce "salamu alaikum", muryata ta fito. Naɗin ya yi sako-sako, yana rawa da kansa in iskar sifika ta doke shi. A nan yaron yana da gaskiya.

Washegari bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da abokinsa, shi ma makaɗin jita, wanda ya koyi kiɗan Turawa mai ƙara a YouTube, kuma shi ya ba shi shawarar sayen. Can sai ga shugaban ƙungiyarsu, dattijo ɗan Argungu mai kaɗa bas, wanda suke kira Baba. Mai kula musu da miksa dama maƙwabcina ne, jin hayaniya ya leƙo.

Abokin ya fi kowa zafi. Hujjarsa ita ce kamfanin da ke yin jita mai araha dole ya rage kuɗi a wani wuri, kuma inda ido ba ya gani yake ragewa: maganaɗisun seramik mai arha, naɗin da inji ya yi cikin gaggawa, ba a jiƙa shi da kaki yadda ya kamata ba. Ya ce da na kamfani na isa, da ba a samu masana'antu sukutum da ba su da aiki sai yin na canji ba. Ya kawo Larry DiMarzio da ya fito da Super Distortion a 1972, da Seymour Duncan da ya kafa nasa kamfanin a 1976 a Kalifoniya. Tarihinsa daidai ne, ya yi karatunsa. Abin da ya tsallake shi ne dalilin da ya sa aka yi su. A wancan zamanin makaɗan rok suna neman fikof mai ƙarfi da zai tura amfilifayar bawul har sautin ya fashe, domin fashewar suke so. Ba wai na Gibson na farko ba su da kyau ba ne, su ne ma yau ake saye da tsadar da ba ta da kai. Batun seramik kuwa, shi kansa Super Distortion ɗin seramik ne a cikinsa, haka EMG 81 da 'yan kiɗan rok mai tsananin ƙara ke ji da shi. Seramik da alniko, ɗaya nau'in maganaɗisun da ake sawa a fikof, bambancin hali ne, ba na daraja ba.

Baba bai tsaya jin wannan ba. Ya ce, "Wanga yaro, hannu na ka kiɗi, ba akwati ba. Mun kaɗa da jitar da wayar birkin keke ce tsirkiyarta, mutane sun yi rawa har asuba." Ya ƙara da cewa yaran Agadas da ake jin su a kowace waya daga Kamba har Gaya ba da kayan tsada suka fara ba. Na yarda da rabin maganarsa. Sauran rabin kuwa, hannu ba ya hana fikof kuwwa, kuma na lura duk dattijon da ke cewa kaya ba kome ba ne, in ka taɓa nasa kayan sai ka ga ransa ya ɓaci.

Maƙwabcina mai miksa ya yi dariya ya ce duk ɓata baki ne. In sauti ya bi ta ƙaramar amfilifaya, ya bi ta makirfo, ya shiga miksa, ya fito ta sifikar inci 15 a fili, ga janareta na ruri a bayan rumfa, wa zai bambance? Shi abin da ya dame shi a daina kuwwar nan, don shi ake harara in ta tashi.

Mai jitar dai ya yi shiru, yana riƙe da kwalinsa kamar za a ƙwace.

Na ce to, a yi abin daki-daki, kowane mataki mu ɗauki sauti. Kiɗa ɗaya, amfilifaya ɗaya, ba mai taɓa maɓalli, waya a wuri ɗaya da na yi wa alama da alli a kan benci. Muka ɗauki na farko yadda jitar ta zo.

Mataki na biyu bai ci kome ba in aka gwada da kuɗin fikof. Na mai da wayar jaki, na shimfiɗa takardar alminiyam a ramin na haɗa ta da at, na sa bolum 500k da kafasita 0.022, sabbin tsirkiyoyi, kebul mita uku. Na sauke fikof ɗin wuya da sukundireba har ya zama in an danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe akwai tazarar milimita biyu da ɗan wani abu. Da ya kaɗa, shi da kansa ya ɗago kai ya dube ni. Bargon ya yaye. Zizar ta koma 'yar kaɗan da ke ɓacewa in ya ɗora hannu.

Na uku shi ne jiƙa tsohon fikof da kaki, kuma wannan aikin ina jin daɗinsa. Na samo kyandir fari da kakin zuma wurin masu sayar da zuma, kashi huɗu na kyandir, ɗaya na kaki. Ba a ɗora shi kai tsaye a wuta, yana kamawa. Gwangwanin madara na sa a cikin tukunyar ruwa a kan kurfoti, na tsoma ma'aunin zafi ina tsare shi wajen digiri 65, domin in ya wuce robar da aka naɗa wayar a kai sai ta lanƙwashe, shi ke nan ka kashe fikof. Na ɗaure shi da waya na zura. Sai ƙananan kumfa suka fara tasowa daga cikinsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar tulun da aka nutsa a rijiya, iskar da ke tsakanin naɗin ce ke fita kaki na maye gurbinta. Wajen minti goma sha biyar kumfar ta tsaya. Na tsamo, na goge da tsumma, na bar shi ya huce a inuwa. Da na mayar na yi masa sallama, bai amsa ba. Muka ƙure amfilifaya, sai dai doguwar amsawar tsirkiya mai daɗi, kuwwar ta tafi.

A nan na ce masa, ƙanena, in ka bi ta tawa, mai da kwalin nan ka sayar tun yana sabo. Ya ce a'a, wata biyar ya yi yana tarawa, sai ya ji shi. Ban ga laifinsa ba.

Kafin in sa sabon na auna shi, don jabu sun yi yawa a intanet. Mita ta nuna turjiyarsa 17k da ɗoriya. Yaron ya firgita, ya ce a takarda 16 da 'yan kai aka rubuta, an cuce shi. Na ce ya kwantar da hankali. Tagulla na ƙara turjiya in ta yi zafi, kusan kashi huɗu cikin dubu a kowane digiri, su kuma a ɗaki mai sanyi suke aunawa, mu ga mu a shagon kwano ana digiri 40 da wani abu. Lissafin ya fita daidai. Tsohon nasa kuwa wajen 9 ya nuna. Wannan lambar ba ma'aunin kyau ba ce, tana dai nuna sabon ya fi yawan naɗi da siririyar waya, wato zai fi ƙarfi, ya fi cika a tsakiyar sauti, samansa kuma ya ɗan ragu.

Sai na yi nawa kuskuren. Wayoyi huɗu ne ke fitowa daga irin wannan fikof, kuma kowane kamfani da launinsa. A na Seymour Duncan baƙa ce ke ɗaukar sauti, kore ta tafi at, a haɗe ja da fara. A na DiMarzio ja ce ke ɗauka. Na bi launin daidai, amma ban gwada ko fuskarsa ta dace da ta fikof ɗin wuya ba, wanda ba na gidansu ba ne. Kowanne shi kaɗai lafiya lau. Da aka sa makunnin zaɓen fikof a tsakiya, su biyun suka haɗu, sai sauti ya zama siriri, ta hanci, ƙasansa ya ɓace, domin ɗaya na turawa ɗaya na ja. Na ɗauko ayan ɗin dalma zan juya wayoyin, sai Baba ya riƙe hannuna.

"Tsaya, Malam. Sake kaɗa wagga."

Yaron ya sake. Baba ya ce ai wannan kuntigi ne, a bar shi haka. Mutumin da ya ce akwati ba kome ba ne, ga shi yana roƙon a bar masa kuskuren akwati. Ba shi kaɗai ba ne a duniya, Les Paul ɗin 1959 ta Peter Green, wani shahararren makaɗin jita ɗan Ingila, da irin wannan sautin ta yi suna. Na dai gyara, na yi masa alkawarin makunni daga baya.

Ranar sauraro mutum biyar ne, har da wani yarona. Na jera sautukan huɗu ba tare da faɗin wanne ne wanne ba. Na farko kowa ya gane shi nan take, ba wanda ya zaɓe shi. Tsakanin tsohon da aka jiƙa da sabon, duka biyar suka nuna sabon. Abokin ya fara tafi. Na ce a dakata, sabon ya fi ƙara, kunne kuma kullum abin da ya fi ƙara yake ɗauka ya fi daɗi, wannan duk mai sayar da sifika ya sani. Na daidaita ƙarfinsu a miksa muka sake. A kiɗa mai tsabta, irin tsinkar da ake yi a coci da wurin biki, uku suka koma tsohon, cikinsu har da mai jitar, wanda ya rantse sabon ya zaɓa. Da aka kunna fedar da ke fasa sauti kuwa, ba gardama: sabon ya fi cika, ya fi riƙe sauti, tsohon ya yi ƙaiƙayi. Har Baba ya gyaɗa kai. Abin da aka ƙera shi domin shi ke nan, kuma yana yin sa.

Tambayar da ta rage ita ce sau nawa yake taka wannan feda a mako. Ya yi tunani ya ce a waƙa biyu, wani lokaci uku.

Ya tafi da sabon a jiki zuwa wani biki a Jega. Ran Litinin ya dawo. Kuwwa babu, ziza babu, amma ƙaramar amfilifayarsa ba ta iya ɗaukar ƙarfin, in ya ɗan buga da nauyi sai sauti ya fashe inda ake son shi garau. Tsakiyar da ta cika kuma ta faɗa daidai inda fiyano yake, suna ta cin karo, maƙwabcina na ta rage shi a miksa. Na sauke fikof ɗin ya ɗan yi nisa da tsirkiya, ya taimaka. Sannan na yi amfani da wayoyin nan huɗu na sa ɗan makunni: sama, naɗin biyu na bin juna, cikakken ƙarfi, ƙasa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, mita ta sauko wajen 4, sauti ya yi haske, kuma har yanzu yana kashe ƙugi. Da na raba shi ya koma naɗi ɗaya, da ƙugin janareta ya dawo, shi ya sa ban bi ta nan ba. Wannan damar ita ce ribar da ban yi musu a kanta ba, domin tsohon waya biyu kawai gare shi.

Na kuma ja masa kunne kan abin da ya fi duk wannan. Yanzu da tsirkiyarsa ke haɗe da at, in janareta ba shi da sandar at a ƙasa, ko wayarin wurin ya karkace, yana iya riƙe jita ya kai leɓe ga makirfo wuta ta ja shi. Na sa suka sayi sandar tagulla suna kafawa duk inda suka je, kuma amfilifaya da miksa su sha daga layi ɗaya. Baba ya yi ƙorafin kuɗin, ya biya.

Ni dai a lissafina, cikin koke ukun da ya zo da su biyu ba ruwan fikof, kuwwar kuma kaki ya warkar. Duk gyaran bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin kwalin ba. Da fikof ɗinsa ya mutu ne, ko da kiɗan rok yake yi dare da rana, da ni zan fara ce masa ya canza. In ma canjin ne don irin kiɗansu, da mai sauƙin naɗi zan nuna masa, irin '59 ko Jazz na wannan kamfanin, masu wajen 7 zuwa 8. Abokinsa har yau bai yarda ba, yana cewa wayar da muka ɗauki sauti da ita ce ba ta da kyau.

Makonni bayan haka na je wani biki a nan gari don duba musu sifika, na tsaya bayan rumfa ina kallon hannunsa. Makunnin na ƙasa tun daga farko har aka zo liƙi. Sau ɗaya ya ɗaga shi, a waƙar da amarya ta fito, ya taka feda ya yi wani dogon kuka da jitar har samari suka yi ihu, sannan ya mai da shi ƙasa. Baba kuma ya samu makunninsa na kuntigi, yana sa a kunna masa a waƙoƙin gargajiya.

Tsohon fikof ɗin ya yi wata guda naɗe da tsumma a gwangwanina. Wani yaro daga Yauri ya zo da jitar da naɗinta ya tsinke, na kira ɗan Zuru a waya na tambaye shi nawa zai sayar. Ya ce in ba shi kawai. Sai kuma ya ce, "Oga, wannan amfilifayar tawa fa, in na samu mai wat 50, nawa kake gani?"